Gudun Jini: Daga Ruwan Gizo Zuwa Asibitin Malam

Mu mutanen ƙasar Mafara, in ka ji ɗayanmu ya ce zai tafi Kano, to kasuwa yake nufi. Ko Kantin Kwari sarin atamfa da shadda, ko Dawanau da buhunan hatsi, ko Singa. In ciwo ne ya gagari na gida, Sakkwato muka fi fuskanta don ta fi kusa, ko mu nufi Gusau. Ba kowa ne a cikinmu ya san cewa a asibitocin Kano akwai mutanen da suka shafe shekaru suna auna gudun jini a kawunan yara da ƙarfin zuciyar masu jego, suna rubutawa, har likitocin wasu ƙasashe suka koma karanta abin da suka gano ba. Wannan Kanon na je na gani, kuma ta burge ni fiye da ta kasuwa.

Daga Ruwan Gizo sai ka fito Mafara ka hau mota. Maru, Bungudu, Gusau, Tsafe, 'Yankara, Funtuwa. Kowa ya san halin rashin tsaron da hanyar nan take ciki a shekarun nan. Direba ba ya tashi sai rana ta fito sosai, kuma ba mai son magariba ta riske shi a daji. Daga Funtuwa muka bi ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo, muka wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero, muka shiga gari ta Kabuga. Ni da ƙanwata ne da ɗanta, yaro mai sikila wanda bai daɗe da shiga firamare ba.

Abin da ya tayar da mu tsoro ne. Akwai wani yaro a ƙauyen da ke kusa da mu, shi ma mai sikila, da ya kwanta lafiya ya wayi gari hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, baki ya karkace. Mutane suka ce iska ce ta shafe shi. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, yaro dai yana nan yana jan ƙafa. Ƙanwata ta daina barci. Sai wani ƙanen abokina, ɗan Bakura, likita ne da ke neman ƙwarewa a Kano, ya ce mu kawo namu a duba shi tun kafin komai ya faru, don akwai gwajin da ke nuna yaron da shanyewar ɓarin jiki ke yi wa barazana. A gidansa muka sauka, kuma yawancin abin da na fahimta daga bakinsa na fara jin sa, kafin in nemi rubuce-rubucen in karanta.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana kan titin Zariya, amma ka ce wa mai adaidaita sahu Asibitin Malam kawai, ya san inda zai kai ka. An kafa shi a 1988. Ranar masu sikila wurin cike yake da uwaye, kowace da kati a hannu da gorar ruwa, don an koya musu cewa ƙishirwa abokiyar gabar yaron nan ce. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda matan nan suke magana. Wata da ke zaune kusa da ƙanwata, daga gani ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san adadin jinin ɗanta na zuwan da ya wuce, ta san nauyinsa, ta san lambar da na'ura ta ba shi bara. Wani ne ya zauna ya koya mata, kuma ya koya mata da Hausa.

Ɗakin gwajin ba shi da wani ƙawa. Gado ne, da kujera, da wata na'ura da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe rigata.

"Kawu, da zahi?"

"Ba zafi, ɗan Baba," in ji ma'aikaciyar. "Kwanta abinka, kar dai ka yi barci."

Ta shafa masa wani mai mai sanyi a gefen kai, gaban kunne kaɗan, inda ƙashin kai ya fi siranta. Ta ɗora kan na'urar a wurin tana karkata shi a hankali, idonta na kan allo. Can sai muka ji wata ƙara, fuu, fuu, fuu, tana tashi tana sauka daidai da bugun zuciya, a allon kuma wasu tsaunuka masu tsini suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwata ta dafe ƙirji.

"Yaya, wagga ƙara cikin kai nai take?"

Cikin kansa take. Na'urar, wadda ake kira Dofla, tana aika sautin da kunne ba ya ji ya ratsa ƙashi, ya bugi ƙwayoyin jinin da ke wucewa ta babbar jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa, ya dawo. Daga yadda sautin ya sauya ake lissafa saurin jinin. In bai kai santimita 170 a daƙiƙa ba, alhamdu lillahi. Tsakanin 170 da 199 sai a sa ido. In ya kai 200 ko ya haura, yaron yana cikin haɗari.

Da farko abin ya ɗaure mini kai, don a ganina jini mai gudu ai shi ne lafiya. Mai masaukinmu ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai da ka yi noman rani a Bakolori? A ina ruwa ya fi gudu a kwata, inda take da faɗi ko inda ta tsuke?" Nan take na gane. Ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa su yi tauri, suna kankare cikin jijiya har ta yi tabo ta ƙuntata. Ga shi jinin nasa ya yi ƙaranci, dole zuciya ta ƙara himma don ƙwaƙwalwa ta sami iskar da take bukata. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da haƙuri. A jikin babba kashi 2 cikin 100 ce ta nauyinsa, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da ya shaƙa, a jikin ƙaramin yaro kuwa rabonta ya fi haka nesa. Ranar da ƙuntatacciyar jijiyar ta toshe, sashen da take shayarwa ya mutu ke nan. In ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu sikila mai tsanani zai gamu da wannan kafin ya cika shekara 20. A ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, sai ka lissafa gidajen da abin yake shiga.

Lambar yaronmu ta haura 200. Aka sake gwajin don a tabbatar, ta sake haurawa.

A Amurka an san maganin wannan tun 1998, lokacin da wani bincike mai suna STOP ya nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage shanyewar da kusan kashi 90 cikin 100. To amma wa zai ba yaron Ruwan Gizo leda ɗaya ta tsabtataccen jini duk wata, shekara da shekaru? Ina jinin, ina kuɗin mota, ina kuɗin maganin da zai fitar da sinadarin ƙarfen da yawan ƙarin jini ke tarawa a hanta da zuciya? Likitocin Kano ba su tsaya suna kukan abin da ba su da shi ba. Sun duba abin da hannun talaka zai iya kaiwa, suka ce bari a gwada shi a gani.

Abin da suka ɗauko maganin ciwon daji ne. Sunansa haidroksiyuriya, kuma tarihinsa ya ba ni mamaki. A Jamus aka fara haɗa shi tun 1869, ya yi kusan shekara 100 ba a san amfaninsa ba. A 1967 aka amince da shi a Amurka don wasu nau'o'in kansa, har da wata sankarar jini, saboda yana rage wa ƙwayoyin halitta saurin hayayyafa, ita kuwa kansa hayayyafa ce marar linzami. Ta wani ɓangaren kuma, tun 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jariran da aka haifa da sikila ba sa nuna alamar ciwo a watannin farko. Kowace uwar mai sikila ta san wannan: yaro lafiya lau har sai ya kai wata shida ko fiye, sannan hannu da ƙafa su fara kumburi. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani nau'in jini na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, daga baya jiki ya daina yin sa. A 1984 likitoci a Boston suka nuna cewa maganin nan na kansa yana sa jiki ya koma yin jinin jarirai. A 1995 babban gwaji a kan manya ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi.

Tambayar da ta rage ita ce tamu: zai iya tsare ƙwaƙwalwar yaro a wurin da ba ƙarin jini, kuma nawa ya kamata a ba shi? Wannan ita ce tambayar da aka amsa a Kano. Dakta Najibah Galadanci da abokan aikinta suka fara da ƙaramin gwaji don a ga ko iyaye za su yarda, ko yara za su jure shan magani kullum. Suka yarda, suka jure. Sai aka yi babban, mai suna SPRING, a Asibitin Malam da Asibitin Murtala, da kuma Barau Dikko a Kaduna, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda Farfesa Michael DeBaun da Farfesa Muktar Aliyu suke. Yara 220 aka ɗauka, 'yan shekara 5 zuwa 12, dukkansu lambarsu ta kai 200. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsu a rana, wasu miligiram 20. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022, sunan Dakta Shehu Umar Abdullahi ne a farko. A cikin yara 109 masu shan kaɗan, 3 ne suka sami shanyewa. A cikin 111 masu shan mai yawa, 5 ne. Wato a kowane ɓangare ba a kai yara 2 cikin 100 a shekara ba, alhali a binciken STOP yaran da ba a yi wa komai ba kusan 10 cikin 100 ne ke faɗuwa duk shekara. Masu shan mai yawan kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Na daɗe ina juya lambobin nan a raina. Yara 220, kowane da uwar da ta yarda ta sa hannu a takarda, ta riƙa kawo shi wata bayan wata a auna jininsa, don maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini in ba a kula ba. Wani ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalba. Wani ya ɗaga waya ya kira gidan da aka ga ba su zo ba. Irin wannan aikin ba ya fitowa a rediyo, kuma shi ne ainihin binciken. Mu da muka saba ganin katin asibiti ya ɓace tsakanin zuwa da zuwa, mun san darajar mutumin da zai riƙe tarihin yaro shekara biyu da rabi ba tare da ya zubar da shafi ɗaya ba. Sannan ba su ɓoye ilimin a hannun manyan likitoci ba, sun koya wa ma'aikatan jinya riƙe na'urar, kuma maganin a nan Najeriya ake haɗa shi. Shi aka rubuta wa yaronmu, aka auna nauyinsa, aka faɗa wa uwarsa ranar dawowa gwajin jini.

Da yake muna jiran wasu sakamako, wata safiya na bi mai masaukinmu cikin birni wajen Ƙofar Mata, inda Asibitin Murtala yake, tsohon asibitin da ya girmi Najeriya mai 'yanci. A nan hira ta koma kan zuciya. Ya nuna mini wata mata da mijinta ya riƙo, jariri a bayan wata tsohuwa da ke biye da su. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tana taku uku tana tsayawa ta nemi numfashi. Na san wannan ciwon. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san mai jegon da ta kumbura bayan suna, ta kasa kwanciya sai dai ta kwana a jingine, tana tari, kafin arba'in ko bayanta kaɗan a ce ta rasu. Mukan ce ciwon jego ne, mu yi addu'a.

Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini da dare, tana tura kimanin lita 5 na jini a minti. In mace ta ɗauki ciki, jininta yakan ƙaru da kusan rabi, zuciyar ta ɗauki wannan kaya wata da watanni. A wasu matan, gab da haihuwa ko bayanta, naman zuciyar sai ya saki. A hoton zuciya, wanda suke kira eko, ana ganin abin ƙarara. Lafiyayyar zuciya tana matsewa ta fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. Ta mai wannan ciwo ta buɗe ta yi girma, bangonta yana motsi da ƙyar, abin da take fitarwa bai kai kashi 45 cikin 100 ba, wani lokaci ko 25 bai kai ba. Ragowar sai ya taru a baya, ruwa ya cika huhu da ƙafafu.

Abin da ban taɓa ji ba sai a tafiyar nan shi ne, a duk duniya ba inda aka auna aka sami ciwon nan da yawa kamar ƙasar Hausa. A Zariya aka fara nazarinsa sosai, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, inda likitoci biyu 'yan Birtaniya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi mata 224 suka wallafa bayaninsu a shekarun 1970. Su al'adar jego suka zarga: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Hujjarsu tana da ma'ana. Kanwa tana ɗauke da gishirin da ke riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyi ya ƙara wa zuciya aiki. Maganar ta shiga littattafan likitanci na duniya ta zauna. A Sakkwato, a 2007, Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka ƙirga a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo suka sami kusan mace 1 a kowace haihuwa 100, kuma ba na shakkar akwai matan Mafara da Bakura da Maradun a cikin waɗanda suka ƙirga.

Sai Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake buɗe maganar. Suka haɗa asibitoci 22 a faɗin Najeriya, suka yi rajistar mata 406 masu ciwon, suka kwatanta su da masu jegon da ke lafiya. Sakamakon ya fito a 2020. Fiye da kashi 70 cikin 100 na matan daga Arewa maso Yamma suke, kuma a nan aka sami mace 1 a haihuwa 96. Amma da aka auna, wankan jego da kunun kanwa ba su ne suka bambanta mai ciwo da mai lafiya ba. Zama Bahaushiya ko Bafulatana ma ba shi ba ne. Abin da ya bambanta su shi ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. A taƙaice, talauci da rashin awo.

Wannan ya faranta mini rai ta fuska biyu. Na farko, an ɗauke wa kakanninmu mata laifin da aka daɗe ana ɗora musu su kaɗai. Na biyu, wanda ya fi, na ga ɗan ƙasa ya ɗauki maganar da manyan malamai suka kafa, bai raina ta ba, bai kuma haɗiye ta don daga littafi ta fito ba, ya sa ta a ma'auni. Mai masaukina dai ya ja mini kunne. "Yaya, kar ka koma gida ka ce likitoci sun halatta kanwa. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, gishiri da kanwa cutar da ita za su yi. In mai jego ta fara haki da kumburi, a kawo ta, kar a jira arba'in."

Akwai kuma batun siliniyam, wani sinadari da jiki ke bukatar ɗan mitsitsi daga cikinsa don kare naman zuciya. A ƙasar Sin an daɗe da sanin wani ciwon zuciya a yankin Keshan da ke kama yara da mata masu haihuwa, aka gano ƙasar nomansu ce ba ta da sinadarin, aka ba su shi, ciwon ya ja baya. A Yamai, a 1992, an sami ƙarancinsa a jinin masu jegon da zuciyarsu ta gaza. A Kano, a 2015, Karaye da mutanensa suka auna suka ga kusan kashi 77 cikin 100 na masu ciwon suna da ƙarancinsa sosai, a cikin masu lafiya kuwa kashi 22 ne. Daga baya suka gwada ba wasu ƙwayar siliniyam wata uku a wani gwaji na mata 100, alamun ciwo suka ragu a wurin masu sha. Gwajin ƙarami ne, ba a kuma gabatar da shi a matsayin maganar ƙarshe ba. Wannan kamun kai ma abin yabo ne a zamanin da kowane mai lasifika a tasha yake da maganin cuta arba'in a kwalba ɗaya.

Mu a Zamfara mun taɓa ganin masu bincike, amma cikin tashin hankali muka gan su. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ita ma ƙwaƙwalwa ta kama, yara suna jijjiga suna suma, waɗanda suka tsira wasu suka makance, wasu suka kasa koyo. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da masana daga Amurka suka zo, aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da Abare da Bagega, aka ba yara sama da 1,000 maganin da ke janye dalma daga jini, kuma abin da aka rubuta a kan jinyar ya zama abin dogaro ga likitocin duniya. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai gobara suka zo kashewa. Abin da na gani a Kano na zaunannen gida ne, mutanen da za ka iya haɗuwa da su a sahun Juma'a, suna bin ciwon da ke cikin unguwarsu shekara da shekaru, baƙi kuma abokan aiki ne.

Kuma ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Na'urar Dofla tana shiga bayan mota, ma'aikaciyar jinya tana iya koyon ta, ranar kasuwar Mafara kaɗai ta isa a tara yaran ƙananan hukumomi uku a auna su. Siliniyam kuwa daga ƙasa yake shiga hatsi, daga hatsi ya shiga jiki. Muna da kwalejin aikin gona a Bakura, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, ga dam ɗin Bakolori tun 1978 yana shayar da gonakin da matanmu ke ci daga cikinsu. Zan so in ga ɗalibanmu sun ɗebi ƙasar fadama da ta tudu, da gero da dawa da shinkafar da ake nomawa daga Maradun zuwa Bakura, an kai ɗakin gwaji an auna, a aika wa likitocin zuciya na Kano da Sakkwato sakamakon su haɗa da nasu.